Sibil ko Shari'a: Wane Digirin Lauya Za Ka Nema?

Duk wanda ya zauna zai cike fom ɗin JAMB da niyyar karatun lauya a jami'o'in Arewa, zai tarar da sunaye biyu ko uku masu kama da juna. A wata jami'ar an rubuta Civil Law ko Common Law, a wata kuma Common and Islamic Law, wani wurin ma Shari'a kawai za ka gani. Ɗalibai sun daɗe da sauƙaƙa wa kansu: wannan ɗan Sibil ne, wancan ɗan Shari'a. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke shawarar. Yaro na zaune a cibiyar rajista, mai kwamfuta na jiransa, layi ya miƙe a bayansa, sai ya zaɓi wanda abokinsa ya ce ya fi sauƙin samu. Alhali shekara biyar zai kwashe yana karanta abin da ya zaɓa, kuma shi zai nuna irin shari'un da zai iya riƙewa da ƙwarin gwiwa in ya fito.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Wanda ya san a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Bauchi ko Maiduguri zai zauna ya yi aikinsa, digirin haɗaka na ɗan Shari'a, wanda ya haɗa dokar da muka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci, ya fi masa amfani, matuƙar yana da tushen Larabci ko ya shirya zama ya gina shi. Amma akwai waɗanda Sibil ce daidai da su, kuma tura su ɗaya ɓangaren cutarwa ce.

Inda hanyoyin suka haɗu

Da farko mu kawar da wata magana da ta yaɗu a gari, har wasu iyaye ke hana 'ya'yansu saboda ita: wai ɗan Shari'a ba cikakken lauya ba ne, iyakarsa gaban alƙali. Ba haka ba ne. Su biyun digiri ɗaya suke fita da shi, LL.B. Shekara biyar ga wanda ya shigo ta jarrabawar UTME, huɗu ga wanda ya faɗa aji biyu kai-tsaye da difloma ko karatun share fage na IJMB ko wani digirin. Akwai darussan da aka wajabta wa kowane ɗalibin lauya a Najeriya ko a wane ɓangare yake: tsarin mulki, dokar yarjejeniya, dokar laifuka, dokar diyyar cutarwa, dokar filaye, dokar shaida, dokar kasuwanci, dokar kamfanoni, dokar amana, falsafar doka da sauransu. Bayan digiri kuma Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya suke tafiya tare, su zauna aji ɗaya, su rubuta jarrabawa ɗaya, a rantsar da su, a sa sunayensu a rajistar Kotun Ƙoli. Daga ranar kowannensu yana da ikon miƙewa a kowace kotu a ƙasar nan.

Wanda ke shakka ya dubi Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ɗan ƙaramar hukumar Giade a jihar Bauchi. Ɓangaren Shari'a ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1980, aka rantsar da shi lauya a 1981. Ya yi majistare a Abuja, ya zama Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Bauchi a 1991, ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1993, daga nan Kotun Ƙoli, har ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2019 zuwa 2022.

Shi ma ɗan Sibil ba wanda ya hana shi shiga kotun shari'ar Musulunci. Tun a shekarun 1980 manyan kotuna suka rushe dokokin da suka hana lauyoyi tsayawa a kotunan yanki da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Lasisi ɗaya ne a hannunsu. Bambancin yana cikin abin da kowa ya sani in ya miƙe gaban alƙali.

Akwai kuma takardun da ake rikita su da wannan digiri, kuma ba sa mayar da mutum lauya. Digirin Nazarin Addinin Musulunci ba LL.B ba ne. Diflomar Kwalejin Aminu Kano, wadda Kanawa ke kira Ligal, ko ta A.D. Rufa'i a Misau, ko ta Mohammed Goni a Maiduguri, hanya ce mai kyau ta shiga aji biyu a jami'a ko ta samun aiki a ma'aikatar shari'a, amma ba ta kai mutum ga rantsuwar lauyoyi ita kaɗai. Haka wanda ya yo digirin Shari'a zalla a Madina ko Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar: malami ne, yana iya zama alƙali, amma in lauya yake son zama sai ya dawo ya karanta dokokin ƙasa a tsangayar da aka amince da ita.

Ba kowace jami'a ce ke ba ka zaɓi ba

A Zariya, a harabar Kongo, ɓangarorin biyu suna nan, kai za ka ɗauki ɗaya. Haka Maiduguri da Ilorin. Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo kuwa haɗakar suke koyarwa, saboda haka wanda ya nemi can ya riga ya zaɓa ko bai sani ba. Jos Sibil ce. Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horas da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a 1947. A 1960 Arewa ta samu kundin dokar laifuka nata, Final Kod (Penal Code), wanda aka yi koyi da na Sudan wajen tsara shi. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello da tsangayar doka, a 1966 aka buɗe Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a cikinta. Ƙasa ce da ta daɗe tana rayuwa da dokoki biyu a gari ɗaya, wani lokaci ma a kan gona ɗaya, kuma digirin haɗakar don wannan yanayin aka yi shi.

Wajen sharuɗɗan shiga, duka biyun suna son kiredit biyar har da Turanci, yawanci da Lissafi da Adabin Turanci. Adabin nan shi ke kayar da yaranmu da yawa, domin makarantu da dama ba su da malaminsa, sai yaro ya zo cike fom ya ji ana tambayarsa. Ɓangaren Shari'a yakan nemi Larabci ko Addinin Musulunci a cikin darussan da ka rubuta. Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗin, kuma suna canjawa, don haka kundin JAMB na shekarar da kake ciki shi ne abin dubawa, ba abin da yayanka ya tarar shekara shida da suka wuce ba.

Yadda karatun yake a aji

Karatun Sibil karatun shari'un da suka gabata ne. Dokar da muka gada daga Ingila a bakin alƙalai aka gina mafi yawanta, hukunci bisa hukunci, kuma ƙaramar kotu dole ta bi abin da babba ta faɗa. Misali, a aji uku za ka haɗu da shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932. Wata mata ce a garin Paisley na ƙasar Sikotlan aka saya mata lemon citta a kwalba mai duhu, ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Ba ita ta saya ba, don haka babu yarjejeniya tsakaninta da mai kamfanin. Duk da haka kotun ƙoli ta Birtaniya ta ce mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da wanda kayan zai isa hannunsa. Malami ba labarin dodon koɗi yake so daga gare ka ba. Yana son ka ware abin da ya faru, ka fito da tambayar da kotu ta amsa, ka faɗi dalilin hukuncin, sannan ya ba ka labarin mai gidan burodi a Sabon Gari ya ce ka ɗora ƙa'idar a kai. Ɗaruruwan irin waɗannan za ka riƙe da sunayensu da shekarunsu, na Ingila da na gida.

Ɗan Shari'a duk zai yi wannan, ba a rage masa ko ɗaya daga darussan dole ba. Sannan a ɗora masa Usulul Fiƙhu, Mu'amalat, hukuncin aure da saki, gado da wasiyya, laifuka da ukubobi, tsarin ƙara da shaida, ayoyi da hadisan hukunci. Ga irin tambayar da zai gani a darasin gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Matar tana da sumuni, wato ɗaya cikin takwas, 'ya'yan biyu suna da biyu cikin uku, uwa sudusi, wato ɗaya cikin shida, uba sudusi. In ka sa asalin mas'alar 24, mata ta samu 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Haɗa su ka gani: 27. Rabon ya fi dukiyar. Sai a yi auli, a mayar da asalin 27, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa, matar da ke da ɗaya cikin takwas ta koma ɗaya cikin tara. Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira miliyan 27 ne, mata ta ɗauki miliyan 3, kowace 'ya miliyan 8, uwa 4, uba 4. Malamai na kiran wannan mas'ala Minbariyya. Wanda bai ƙware da lissafin kaso ba zai yi gumi a nan, shi ya sa nake ce wa masu gudun Lissafi karatun lauya ba maɓoya ba ce.

Masu sukar haɗakar sukan ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. Guraben da ɗan Shari'a ke cikewa da fiƙihu, su ne ɗan Sibil ke cikewa da darussan zaɓi: dokar man fetur da iskar gas, haraji, banki da inshora, ƙwadago, haƙƙin mallakar fasaha, dokar ƙasa da ƙasa. Ɗan Shari'a zai samu kaɗan ne daga cikinsu. Wannan shi ne ainihin farashin da yake biya, ba wai ƙarancin daraja ba. Kuma in Larabcin ya yi masa nauyi, darussan fiƙihun za su ja makinsa ƙasa shekara bayan shekara, ya fita da sakamakon da bai kai ƙwazonsa ba.

Da Turanci ake koyar da mafi yawan darussan Shari'ar, amma kalmomin fannin na Larabci ne, kuma littattafan da kotunanmu ke dogara da su na Malikiyya ne: Risala, Mukhtasar na Khalil, Tuhfatul Hukkam. Wanda ya tashi a zaure ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya zai ji kamar gida ya dawo. Sai dai ya sani, yawancinmu a babukan tsarki da salla da azumi muka fi daɗewa. Babukan ciniki da haya da jingina da shaida da hukunci suna can ƙarshen littafi, inda ɗalibai da yawa ba sa kaiwa, kuma su ne abincin lauya.

Abu ɗaya nake roƙon ƙannena kada su yi: kada wanda Turancinsa ke da rauni ya gudu ɓangaren Shari'a yana zaton ya tsira. Darussan dolen nan duk da Turanci ne, Turancin ma mai tsauri. A Makarantar Horas da Lauyoyi kuwa darussa biyar ne, ƙarar farar hula, ƙarar laifuka, aikin kamfanoni, aikin kadarori, da ladubban sana'a, kuma babu fiƙihu a matsayin darasi mai zaman kansa. Rubuta takardun kotu da yarjejeniyoyi ake yi ba dare ba rana. Raunin Turanci yana kayar da ɗan Sibil da ɗan Shari'a daidai wa daida.

Rayuwar yau da kullum ba ta bambanta sosai ba. Kowa fari da baƙi yake sawa, kowa a ɗakin karatu na tsangaya yake yini yana bin kundayen hukunce-hukunce, kowa yana iya shiga gasar kotun gwaji ko ofishin da ɗalibai ke ba talakawa shawarar doka kyauta. Mafi amfanin abin da ɗalibi zai yi da hutunsa shi ne ya je ya zauna a bencin baya na kotu, mako guda a Babbar Kotu, mako guda gaban alƙali, ya saurara. Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma hana kowa shiga.

In an fito kasuwa

A nan ne na fi ganin fifikon haɗakar. Ka tambayi duk lauyan da ke da ofishi a cikin birnin Kano ko Gusau ko Azare irin mutanen da ke hawo masa bene. Magada ne da suka kasa raba gida. Mace ce da ke neman khul'i, ko wadda aka ƙwace wa 'ya'ya. Ɗan'uwa ne da ya ce marigayi ya ba shi gona kyauta, sauran suka ce ba su san zancen ba. Maƙwabci ne da ke neman shuf'a, wato a fifita shi wajen sayen gida ko filin da aka sayar wa bare. Ɗan kasuwa ne da aka ci masa bashi babu rubutu. Mafi yawan waɗannan gaban alƙali suke farawa, a kotun shari'a, ko kotun yanki a jihohin da suka riƙe tsohon suna.

Kuma tsarin can daban yake. A Babbar Kotu mai ƙara yakan shiga akwatin shaida ya yi rantsuwa ya ba da shaida a kan ƙararsa. Gaban alƙali kuwa maganar mai ƙara da'awa ce, ba shaida ba. Sai ya kawo maza biyu adilai, ko a sha'anin dukiya namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya ya cika da rantsuwa. Wanda ya riga zuwa kotu ma ba lallai ne shi ne mai da'awa ba, alƙali ne zai duba wanda maganarsa ta saɓa wa asali ya ɗora masa nauyin kawo hujja. Akwai hauzi: bare ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa, mai ita yana gari yana gani bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi, to da'awarsa ta yi rauni ƙwarai. Akwai i'izari: kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya juya ga wanda hukuncin zai hau kansa ya tambaye shi, kana da sauran magana ko wata hujja? A rubuta tambayar, a rubuta amsar. Kotunan sama sun sha rushe hukunci ɗungurungum saboda an tsallake wannan tambaya ɗaya. Lauyan da ya san haka, in aka kawo masa kwafin shari'a, shafin ƙarshe yake fara buɗewa. Wanda bai sani ba zai yi ta kawo hukunce-hukuncen Ingila alƙali na kallonsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma shi ke asara.

Dokokin biyu ma ba zaman kowa da gidansa suke yi ba, suna cakuɗuwa. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Rikicin mallakar fili tsakanin Musulmi biyu, ko da da fiƙihu aka yanke shi a ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce ba can za a ɗaukaka shi ba. Lauyan da ya kai ƙara inda babu hurumi ya ɓata shekaru a banza. Ko ka ɗauki wasiyya. A shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta ta bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa ƙa'idar fiƙihu ta cewa ba a wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka ware wanda ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci. To in Alhaji ya zo ofishinka yana son rubuta wasiyya, dole ka san fiƙihun, ka san dokar jiharsa, ka san wadda ke rinjaye. Mai ido ɗaya a nan zai rubuta takardar da za ta haɗa 'ya'yan mutum faɗa bayan ransa.

Wanda ke hangen kujerar alƙalanci, ɗan Shari'a ƙofa biyu gare shi. Yana iya bin layin majistare zuwa Babbar Kotu, inda ake neman shekara 10 da zama lauya, kamar kowa. Yana kuma iya zama Kadi, domin sashe na 276 ya nemi lauyan da ya shekara 10 kuma yake da takardar shaidar ilimin shari'ar Musulunci da aka amince da ita. Sashe na 237 ya ce a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya dole a samu aƙalla alƙalai uku masana wannan fanni, sashe na 288 kuma ya ce a kula da samun irinsu har a Kotun Ƙoli. Ɗan Sibil ƙofar farko kawai yake da ita, sai in ya koma ya ƙaro karatu.

Ga kuma wata kasuwa da ba ta nan lokacin da iyayenmu ke karatu: bankuna da harkar kuɗi na Musulunci. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017. Akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai rubuta yarjejeniyar murabaha (ciniki da sananniyar riba) ko ijara (haya) da za ta gamsar da kwamitin malaman banki, ta kuma tsaya da ƙafarta a Babbar Kotu in an samu saɓani. Masu iya duka biyun ba su da yawa.

Wanda Sibil ta fi dacewa da shi

Idan burinka manyan ofisoshin lauyoyi na Legas da Abuja ne, masu aikin kamfanonin mai da sadarwa da haraji da sasanta rikicin kasuwanci, to Sibil ta fi kusa da inda za ka. Darussan zaɓin nan za su ba ka abin faɗa ranar ganawar ɗaukar aiki, kuma waɗannan ofisoshi sakamako suke fara dubawa. Gara ka fita da babban sakamako a Sibil da ka fita da matsakaici a haɗaka. Haka wanda ba ya iya haɗa baƙin Larabci kuma ya san ransa ba ya son koyo. Kada kunyar a ce ɗan Musulmi ya guji Shari'a ta sa ya ɗauki abin da zai wahalar da shi shekara biyar. Zaɓen Sibil ba raunin addini ba ne. In daga baya aiki ya kai shi ga shari'un gado da aure, yana iya zama gaban malami, ko ya yi difloma ko digiri na biyu a fannin. Na san hanya ce mai tsawo ga mai iyali da ofis, shi ya sa na fi son a yi tun ana aji, amma a buɗe take.

Ga ƙannena mata, ɓangarorin biyu duka naku ne. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko lauya daga Arewa, ta shugabanci Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2014. Mai shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta yi digirinta a Zariya, ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Maganar hijabi a wurin rantsuwa ma an wuce ta: bayan an hana wata ɗaliba shiga zauren a Disambar 2017, hukumar manyan lauyoyi ta amince da shi a 2018 aka rantsar da ita. Abin da zan ƙara shi ne, matar da ke cikin rikicin aure akwai abin da ba za ta iya faɗa wa lauya namiji ba, kuma sau da yawa shi ne ƙashin bayan shari'arta. Lauya mace da ta san babin nafaƙa da idda da reno tana da aikin da ba mai ƙwace mata.

Kada kuma wani ya shiga da zaton kuɗi na jiransa a bakin ƙofa. Shekarun farko a ofishin wani babban lauya albashin kaɗan ne, ko wane ɓangare ka karanta.

Abin da ya fi zaɓin ɓangare haɗari

Za ka iya zaɓar ɓangaren da ya dace da kai, ka yi karatu da kyau, ka kuma maƙale, in jami'ar ba ta da tsabta a wajen Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi. Amincewar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa kaɗai ba ta isa ba, sai da ta wannan majalisa, kuma ita ke yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Jami'ar da aka ba gurbi 50 ta ɗauki 150, to ɗari za su zauna a gida suna jiran layin Makarantar Horas da Lauyoyi, wani shekara ɗaya, wani fiye. A Janairun 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas na zangon 2025/2026 bisa matakin majalisar, har da wasu a Arewa. Digirin lauya na karatun yamma da ƙarshen mako ko na karatu daga gida ma majalisar ba ta yarda da shi. Kafin ka sa sunan jami'a a fom, ka nemi jerin tsangayoyin da aka amince da su da adadin kowacce, sannan ka sami ɗan aji biyar na wurin ka tambaye shi su nawa ne a ajinsu, kuma waɗanda suka gama bara duk sun tafi ko akwai masu jira.

Jami'ar gwamnati ta fi sauƙin kuɗi, ga rancen ɗalibai na gwamnati, NELFUND, ga mai buƙata, amma yajin aiki na iya tsawaita shekarun. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Mai zaman kanta ta fi kiyaye lokaci, kuɗinta kuwa sai mai hali. Ko wacce ka bi, a fara tanadin shekara ta shida tun da wuri. Kuɗin Makarantar Horas da Lauyoyi ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000 a zangon 2023/2024, ban da abinci da littattafai da kwat da hular gashi da baƙar riga da kuɗin rantsuwa. Wasu gwamnatocin jihohi kan tallafa wa 'yan jiharsu, amma ba abin dogaro ba ne kowace shekara. Kuma ba lallai a tura ka reshen makarantar na Bagauda don kai ɗan Kano ne ba; ana iya jefa ka Bwari ko Yola ko Legas ko Inugu ko Yenagoa ko Fatakwal, kuɗin mota na kanka.

In har yanzu kana tsakiya, ga gwaji biyu da za ka yi a gida cikin yini ɗaya. Ka buɗe Risala a babin ciniki, bugun da ba shi da wasali, ka karanta shafi guda gaban malaminku, ka fassara masa. In ka kai ƙarshe ko da da tuntuɓe, kuma ka ji kana son sanin abin da ke shafi na gaba, haɗakar ba za ta gagare ka ba. Sannan ka ɗauki sharhin edita na jaridar Turanci, ka karanta sau ɗaya, ka rufe, ka rubuta hujjojinsa cikin jimla biyar, ka kai wa malamin Turanci ya duba. In wannan na biyun ne ya ba ka wuya, shi za ka fara gyarawa kafin ranar jarrabawa, ko wane ɓangare ka nufa. Wanda kuma ya riga ya cike fom ya ga ya yi gaggawa, JAMB tana buɗe damar canja kwas ko jami'a kafin a ba da gurbi, da kuɗi kaɗan. Bayan an shiga aji kuwa, komawa daga wannan ɓangare zuwa wancan sai da amincewar tsangaya.